Ga wanda ya sauka Zariya da yaro mai lalura: gyaran tsohon gida

Duk shekara sai na haɗu da 'yan uwa daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa da suka taho Zariya da iyali. Wani karatu ne ya kawo shi Jami'ar Ahmadu Bello, wani kuma asibitin koyarwa na Shika ne ya sa ya tsallako iyaka. Ni ma haka na zo, da ɗana mai shekara shida a lokacin, wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Aljihun baƙo ba kasafai yake kaiwa ga sabon gini ba, shi ya sa yawancinmu tsohon gida muke kamawa a Tudun Wada, Gyallesu, Samaru ko cikin birni. Irin waɗannan gidaje kuwa, idan ba a taɓa su ba, bayan uwar yaro ne yake biyan kuɗin: ita ce ɗauka zuwa makewayi, ita ce ɗauka zuwa ɗaki, safe da dare.

A nan kuɗin haya na shekara ake biya dunƙule, ba wata-wata kamar yadda muka saba a gida ba. Don haka kafin ka miƙa ko sisi, ka je duba gidan tare da yaron da kekensa. Dillali zai ce maka gida lafiya lau, kuma ba ƙarya yake yi ba, da ƙafafunsa ya shiga. Zauren gidan Hausa an gina shi ne a karkace don kada mai wucewa ya hango tsakar gida, ƙofar shiga tana nan, ta fita tana can gefe. Keke yana buƙatar fili kamar santimita 150 kafin ya juya sosai. Ka tura shi daga bakin titi har ɗakin da yaron zai kwana, ka ƙirga wuraren da dole sai an ɗaga shi. Za ka tarar dokin ƙofa a Zariya ya fi namu tsayi, domin ruwan nan ya fi na can yawa, musamman a watan Agusta.

Sai maganar mai gida. Najeriya tana da dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, amma abin da ta ce game da gini ya shafi wuraren jama'a ne. A gidan haya lalama ce ke aiki. Ni da safe na je, na durƙusa na gaida dattijon, na ce, "Baba, alfarma nake nema saboda jikanka." Ya ce in yi duk abin da zai sauƙaƙa wa yaron. Duk da haka ku rubuta: me za a fasa, wa zai biya, za a cire daga kuɗin haya ko a'a, kuma in za ka tashi sai ka mayar yadda yake? Mai unguwa ya shaida. Gidajen nan da yawa na gado ne, wanda ya ba ka izini yau ba lalle shi kaɗai ke da magana ba.

Abin da ya fi rikita mu shi ne awo. Mu da mita muka saba, birkila da kafinta a nan kuwa ƙafa da inci suke ƙirgawa. Ƙafa ɗaya kusan santimita 30 ce, inci 12 ne a cikinta. Ƙofa ka ce a yi maka mai faɗin ƙafa uku. Gangaren keke kuma ƙa'idarsa mai sauƙin riƙewa ce: kowane inci ɗaya na tsayin tudu, ƙafa ɗaya ta tsawon gangare. Dokin ƙofa mai inci takwas yana son gangare mai ƙafa takwas. Ni ban san haka ba. Na ce wa birkila ya yi mana hanyar keke, na tafi makaranta, na dawo na tarar ya yi irin wadda ake hawar da babur, gajeriya, a tsaye. Ranar farko keken ya ɗaga ƙafafun gaba, ba don uwarsa na riƙe da shi ba da ƙeyarsa ta sha ƙasa. Sai da aka fasa aka sake. Ka tsaya a kan aikin da kanka da tef a hannu. Kada a sa tayil, kada a goge simintin ya yi sulɓi. A ja tsintsiya a kansa tun bai bushe ba don ya yi kaushi, a ɗan tayar da baki ta gefe biyu saboda taya.

Idan ginin ƙasa ne, kada ka bari mai bulo ya faɗaɗa ƙofa. Azarar da ke samanta ita ke riƙe da nauyi, wanda bai san tubali ba zai iya jawo maka rufin. Maginan ƙasa ba su ƙare a Zariya ba, garin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne da ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19. Ka tambaya a cikin birni, kuma ka bar aikin sai rani. Ƙarfen da yaro zai riƙe ya dafa ma ba ya kama bangon ƙasa, ƙusa tana ficewa. Mai walda ya lanƙwasa maka bututu, a kafa ƙafafunsa a ƙasa da siminti.

In kuɗinka wuri ɗaya kawai zai isa, to a makewayi za ka kashe shi. Masan tsuguno ba ta yiwuwa ga yaron da gwiwarsa ba ta riƙe shi. Mun sa an ƙera kujerar ƙarfe mai huda a tsakiya, da majingina da hannuwa biyu, tsayinta daidai da mazaunin kekensa, ta yadda zai ja jiki ya koma kanta ba tare da an ɗaga shi ba. Buta da bokiti muka ɗora a kan ɗan dakali inda hannunsa ke kaiwa. Ƙofar kuma aka juya ta tana buɗewa waje, don in ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tare ta. Na daɗe a kan wannan ne saboda yaro girma yake yi. Na shekara shida bai damu ba in an kai shi, na shekara goma sha biyu kunya ce ke hana shi shan ruwa da yamma don kada ya ta da mahaifiyarsa cikin dare. Na ga wannan da idona, kuma ya yi mini ciwo.

Sauran ƙanana ne. Rijiya a yi mata murfi mai nauyi da kwaɗo. Fitila mai caji a rataye tsakanin ɗaki da makewayi, don wuta ba ta da tabbas. Soket ɗin nan mai baki uku ne, kayan wutar da ka taho da su sai da mahaɗi. Ɗakinsa ya zama wanda ke kallon tsakar gida, inda ake girki da hira, ba na ƙurya ba. Ranar da kuka je asibiti gashin ƙashi, ka nuna wa ma'aikatan hotunan gidan a waya, su suka san abin da hannunsa da bayansa za su iya.

Kada ka manta kwatar ƙofar gida. Mu sai da muka gama komai a ciki muka lura ita ce ta tsare shi. Maƙwabta biyu suka taya ni muka zuba mata murfin kankare mai faɗin ƙafa huɗu, aka bar rariya a ƙasa don ruwan damina. Da la'asar ɗin ranar da ya bushe, ɗana ya fita shi kaɗai ya bi yaran layi zuwa makarantar allo.