Kurakuran da Matafiya Suka Fi Yi a Doguwar Tafiyar Jirgi Zuwa Ƙasar Sin

Duk wanda ya taɓa tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Guangzhou, ya yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira, ya san cewa yawancin wahalhalun wannan tafiya a gida ake shuka su, sai dai a can nesa ake girbarsu, inda babu ɗan'uwa kuma babu mai jin Hausa.

Kuskure mafi haɗari shi ne karɓar saƙon da mutum bai buɗe ya gani da idonsa ba. Kunya ce ke jawo wannan, domin idan maƙwabci ko abokin ciniki ya miƙo ƙulli ya ce, "Alhaji, don Allah a taimaka a ba yaron nan namu," sai mutum ya ga kamar kwance ƙullin rashin yarda ne. Amma jami'in kwastan ba ya tambayar mai saƙo, wanda kaya ke hannunsa yake riƙewa, kuma dokar Sin kan safarar miyagun ƙwayoyi tana kaiwa har ga hukuncin kisa. Gyaran shi ne a kwance saƙo a gaban mai shi, idan ya nuna ɓacin rai a mayar masa da abinsa. Haka kuma kilishi da dambun nama, duk da kewar gida da suke ɗebewa, an hana shiga da nama ƙasar, kuma ƙwace su za a yi. Magungunan da ke ɗauke da kodin ko tramadol ma kan jefa mutum cikin tuhuma, don haka mai shan magani ya bar shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita.

Sai batun lokaci, wanda ke rikita har tsofaffin matafiya. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da ake magana a kansa ne. Addis Ababa tana gaban Kano da awa 2, Guangzhou kuwa da awa 7, saboda haka wanda ya bar agogonsa a lokacin gida yana iya zama yana shan shayi alhali ana rufe ƙofar jirginsa. Da zarar an sauka a zango, a gyara agogo, a nemi lambar ƙofa a allon sanarwa, a je a gan ta kafin a nemi masallaci ko abinci.

Wajen shirya kaya, mutane da yawa kan zuba komai a babbar jaka su miƙa. Idan jakar ta makara kwana biyu, sai a wayi gari babu magani babu kayan sauyawa. Fasfo, katin rigakafin shawara, magani, caja da tufafi saiti ɗaya duk a jakar hannu suke zama. Batirin cajin waya ma dole ne ya kasance a hannu, ba a yarda a sa shi cikin kayan da za su shiga ƙarƙashin jirgi ba. Turare ko man shafawa da kwalbarsa ta wuce mililita 100 ba ya wuce wurin bincike a jakar hannu, kuma abin tausayi ne ka ga dattijo ya tsaya yana kallon turarensa mai tsada a kwandon shara. Mai ɗauke da kuɗin waje sama da dala 5,000 wajibi ne ya bayyana su ga kwastan lokacin shiga Sin.

A cikin jirgin kuma, kuskuren da na fi gani shi ne ƙin shan ruwa don gudun tashi zuwa bayi, musamman ga wanda ya samu kujerar taga yana jin nauyin tayar da na kusa da shi. Iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma zaman awa goma ba motsi yana sa jini ya taru a ƙafa, wani lokaci har ya daskare a jijiya, abin da kan zama barazana ga rai. Na taɓa zama kusa da wani bawan Allah da ya cire takalminsa tun tashinmu, da aka zo sauka ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga, sai ya take bayan takalmin ya fita yana jan ƙafa. A sha ruwa, a tashi a taka bayan kowace awa biyu, kuma mai juna biyu ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ya ga likita kafin ya sayi tikiti.

Bayan sauka, kada a faɗa kasuwa a ranar, domin jiki yana nan a agogon Kano, kuma mai gyangyaɗi ba ya iya ciniki. A daure wa barcin rana, a fita a sha hasken rana, a kwanta da daren garin. A kuma sauke WeChat, manhajar aika saƙo ta Sin, tun daga gida a sanar da iyali, saboda WhatsApp da Google ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar, kada a bar su kwana biyu suna jiran labarin sauka lafiya.