Ga masu gudun safe: ku riƙe hankalinku

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya wani ya yi tambaya, wai me ya sa yake gajiya tun bai yi nisa ba, alhali ƙafarsa lafiya lau. Malam, sau da yawa ba laifin ƙafa ba ne, tunani ne.

Ni da nake zagaye filin wasa na Haliru Abdu a nan Birnin Kebbi bayan sallar asuba, na lura duk ranar da na fito da tunanin bashi ko kuɗin makarantar yara, sai kafaɗuna su ɗage, hannu ya dunƙule, numfashi ya gajarce, zuciya ta hau dukan uku-uku. Zagaye biyu na sare.

Dabarata ita ce ƙirga taku: uku in shaƙi iska, biyu in fitar. In hankali ya gudu, in lallaɓo shi ya dawo kan ƙirgen. A kan titi kuwa, kada ka riƙa hangen ƙarshen tafiya, ce wa kanka falwaya ta gaba kawai.

Amma jiri ko ciwon ƙirji, musamman a zafin Afrilu, ba a daure musu. Tsaya, nemi inuwa, sha ruwa, ka je ka ga likita.