Kafin ka bar sutudiyo, karɓi kayanka

Salamu alaikum 'yan uwa mawaƙa, musamman ƙannenmu masu tasowa a Gusau da Ƙauran Namoda. Wasu abubuwa zan ja kunnenku a kai, don ni na farkon ya taɓa cina.

Duk ranar da ka gama waƙa, kada ka yarda a turo maka ta WhatsApp kawai ka kama hanya. WhatsApp na matse sauti, ingancinsa ya ragu. Je da filashinka, ka ce wa furodusa ya zuba maka WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), da kiɗan zalla, da muryarka daban. Na taɓa barin waƙoƙi shida a wani sutudiyo, kwamfutar ta mutu, ko baiti ɗaya ban tsira da shi ba. Har yau abin na ci mini rai.

Sannan maganar kiɗa: saya ka yi ko aro? Ku rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, ko da furodusan abokinka ne na ƙuruciya. Ranar da waƙa ta fashe ake sanin amfanin takardar nan.

Ka buɗe YouTube da Audiomack da sunanka da imel ɗinka, ba na wani yaron shago ba. YouTube kan fara raba kuɗin talla ne in ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, don haka a daina ba masu tura waƙa a kasuwa ita tun ba ka ɗora ba.

Waƙar biki ko ta siyasa kuwa, karɓi kafin alƙalami tukuna. Bayan zaɓe ba a ɗaga waya.