Kafin ka shiga Computer Village

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga 'yar shawara ga mai shirin sayen waya a Computer Village, babbar kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ke Ikeja a Legas.

Tun kana gida ka rubuta abu uku kacal: iyakar kuɗin da za ka kashe, girman ma'ajiyar wayar, da ƙarfin batir. Duk shagon da ya fara cika maka ukun nan, gwada caji da kyamara a gaban mai shago, karɓi rasit, ka kama gabanka.

Bara ni ban yi haka ba. Na taso daga Agege da sassafe, na zaga shago ya fi ashirin, 'yan kamasho na jan hannun rigata, rana ta dake ni, kai ya ɗau zafi. Da la'asar na ɓige da sayen wayar da ta fi wadda na fara gani tsada, kuma ba ta kama ƙafarta ba.

Herbert Simon, Ba'amurken da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya yi bayanin wannan: mutum ba shi da cikakken bayani, ba isasshen lokaci, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta iya auna kowane zaɓi, shi ya sa yake tsayawa kan wanda ya wadatar. Balle ga cunkoson tashar mota ta Ikeja Along na jiran ka da yamma.