Yadda ake bin diddigin gajimaren ƙasa-ƙasa na bazara a gaɓar teku

A gaɓar Kalifoniya ta Amurka, daga Yuni zuwa Agusta ruwan sama kusan ba ya sauka, amma da safe sai ka tarar gajimare mai launin toka ya shimfiɗu ƙasa-ƙasa ya rufe gari, ba ya yayewa sai hantsi ya dubi ludayi. Ba hadari ba ne. Ba kuma irin hazon hunturu ba ne mai ƙura. Ɗigon ruwa ne zalla. Yana rage zafi, yana shayar da dazuzzuka, yana jinkirta saukar jirage. Mai son sanin ko yana ƙaruwa ko raguwa ba ya bukatar na'ura tasa ta kansa. Kwamfuta mai Excel da intanet sun wadatar, in dai an bi ƙa'ida.

Kafin a taɓa lissafi, a san abin da ke haifar da shi. Iskar arewa maso yamma tana kore ruwan saman teku daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Iskar da ke kan wannan ruwa sai ta yi sanyi ta cika da danshi. A samanta kuma akwai busasshiyar iska mai ɗumi da ke saukowa tana danne ta kamar murfi a kan tukunya. Gajimaren yana taruwa ne daidai ƙarƙashin murfin, ba ya iya wuce shi. Duk abin da za ka gani a alkaluma yana komawa ga abu uku: sanyin teku, ƙarfin murfin, da zafin tudu.

Mataki na farko shi ne zaɓen tasha. Filayen jirgin sama ne suka fi daɗewa suna rubuta tsayin gajimare awa-awa, a rahoton da ake kira METAR. Ɗauki aƙalla biyu, ɗaya a bakin ruwa, ɗaya a ciki kaɗan. KSFO ita ce San Faransisko, KSAN San Diyego, KLAX Los Anjelis, KACV kuma Arkata can arewa. Rumbun Iowa Environmental Mesonet na jami'ar jihar Iowa yana ba da waɗannan rahotanni kyauta. Sauke na shekara 30 ko fiye, domin shekara 10 ba ta nuna alkibla, sai dai hawa da sauka.

Daga nan sai koyon karatu. Ga misalin layi: KSFO 151456Z 26008KT 10SM OVC007 13/11. Ana raba sararin sama gida 8. FEW na nufin gida 1 zuwa 2 ne a rufe, SCT 3 zuwa 4, BKN 5 zuwa 7, OVC kuwa an rufe ruf. Lambobi ukun da ke biye tsayin gindin gajimaren ne a ɗaruruwan ƙafa, don haka OVC007 ƙafa 700 ke nan, kimanin mita 213. A 151456Z, 15 ranar wata ce, 1456 kuma lokaci. Harafin Z yana nuna agogon duniya na UTC, wanda ya riga agogon bazara na Kalifoniya da awa 7, wato 14:56 daidai take da ƙarfe 7:56 na safe. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: su manta juya agogo, su ɗauki rahoton daren jiya a matsayin na safiya. Lambobin ƙarshe, 13/11, zafin iska ne da zafin da raɓa ke fara sauka. Ninka tazarar da ke tsakaninsu da mita 125, za ka sami kusan inda gindin gajimare zai tsaya. A nan tazarar digiri 2 ce, mita 250, kusa da abin da aka auna. Wannan ɗan lissafi yana taimakawa wajen kama layin da aka rubuta da kuskure.

Yanzu ka kafa ma'auninka, ka rubuta shi a takarda tun kafin ka ga sakamako. Alal misali, duk awar da aka sami BKN ko OVC ƙasa da ƙafa 3,300, wato wajen mita 1,000, a ba ta 1, sauran a ba su 0. Haɗa da layukan da ke ɗauke da VV, domin alama ce ta hazon da ya sauko har ƙasa ya hana ganin sama. Ɗauki rahoto ɗaya tak a kowace awa. Idan yanayi ya lalace ana fitar da rahotannin gaggawa a tsakani, kuma in ka ƙirga su duka, kwanakin gajimare za su yi nauyi fiye da kima. Yuni zuwa Agusta kwana 92 ne. In an sami 1 a safiya 60, kashi 65 cikin 100 ke nan. Yi haka ga kowace awa, ka kuma rubuta awar farko da sama ta washe kowace rana. Idan shekara ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na rahotanninta, gara a cire ta.

Kada a cakuɗa watanni. A San Diyego gajimaren ya fi kauri a Mayu da Yuni, a San Faransisko kuwa sai Yuli da Agusta.

Wurin da ya fi bukatar hattara shi ne tsakiyar shekarun 1990. A lokacin ne filayen jirgin Amurka suka koma amfani da na'urorin ASOS masu sarrafa kansu, a 1996 kuma aka karɓi tsarin METAR. Ma'aikaci yana ɗaga kai ya dubi sama gaba ɗaya, na'urar leza kuwa tsaye take kallon abin da ke bisa kanta kawai, sannan ta ƙiyasta sauran daga abin da ya wuce ta cikin minti 30. Saboda haka in zanen alkalumanka na shekara-shekara ya yi tsalle kwatsam a waɗannan shekaru, fara zargin na'ura kafin ka zargi yanayi. Raba lissafin gida biyu, kafin canji da bayansa, ka ga ko alkiblar ta tsaya a kowanne. Haka ma idan an taɓa sauya wa tasha mazauni.

In alkibla ta bayyana, sai neman dalili. Ana sakin balan-balan mai auna iska sau 2 a rana a Okland da San Diyego, kuma jami'ar Wyoming tana ajiye sakamakon. Duba tsayin da zafi ya daina raguwa ya fara ƙaruwa. Nan ne murfin. Kwatanta da zafin ruwan teku, domin shekarun da ruwa ya yi ɗumi, kamar na El Nino, gajimaren yakan ragu. Sannan dubi birnin kansa: siminti da kwalta suna riƙe zafi da dare, tazarar zafi da raɓa ta faɗaɗa, gindin gajimare ya ɗaga sama. Shi ya sa ya kamata a zana tsayin gindin daban da yawan kwanaki, don gajimare na iya kasancewa yana nan amma ya daina taɓa ƙasa. Binciken Johnstone da Dawson na 2010 ya ƙiyasta cewa hazon bazara a arewacin gaɓar ya ragu da kusan kashi 33 cikin 100 tun farkon ƙarni na 20, amma lamba ɗaya ba ta wakiltar kowace tasha.

Wanda ke Akara ko Legas zai iya bin wannan hanya da rahoton filin jirgin Akara, DGAA, ko na Legas, DNMM, inda irin wannan gajimare ke kwana ya wayi gari daga Yuli zuwa Satumba. Agogon Gana daidai yake da UTC, na Najeriya kuwa sai a ƙara awa 1. Can ana iya samun ruwan sama a waɗannan watanni, don haka a ware awannin da ke ɗauke da RA ko TS, alamar ruwa da tsawa, a lissafa su daban.