Babi na Shida: Cire Wani Abu Daga Jarin Bon Ba Tare da Haraji Ya Ba Ka Mamaki Ba

Wannan babi na 'yan uwanmu ne mazauna Birtaniya da suka zuba kuɗi a jarin bon na kamfanin inshora. Ka ɗauko takardar da kamfanin ya ba ka ranar da ka fara, da biro, da kalkuleta. Kada ka ji kunya idan ba ka gane da farko ba, za mu bi a hankali.

Darasi na Ɗaya: Uwar kuɗi

Nemi adadin da ka zuba tun farko. Wannan shi ne uwar kuɗi. Ka ja layi a ƙarƙashinsa.

Doka ta ba ka damar cire kashi 5 cikin 100 na uwar kuɗi a kowace shekarar bon (wadda ake ƙirga ta daga ranar da ka fara), ba tare da biyan haraji a lokacin ba. Idan ka zuba fam 10,000, rabonka na shekara fam 500 ne. Shekarar da ba ka taɓa ba, rabon bai ɓata ba, yana taruwa. Shekara uku ba ka cire komai ba, kana da fam 1,500. Haka ake tafiya har shekara 20, lokacin da rabon ya cinye uwar kuɗin duka. Amma jinkiri aka yi maka, ba yafewa ba: ranar da ka rufe bon ɗin za a haɗa lissafin.

To, a nan ne ake tuntuɓe. Kashi 5 na uwar kuɗi, ba na abin da jarin ya kai yau ba. Na ga wata Hajiya a ajinmu ta buɗe sabuwar wasiƙar kamfani, ta ga fam 11,000, nan take yatsanta ya tafi kan wannan lambar. Na rufe wasiƙar da tafin hannuna, na miƙa mata tsohuwar takarda. Sai da muka yi haka sau uku kafin ya zauna mata, kuma yanzu ita ke gyara wa wasu. Kai ma ka gwada: juya sabuwar wasiƙa ƙasa. Duba tsohuwa. Fam nawa ka zuba? Raba shi gida 20. Wannan shi ne rabonka. Sake yi. Uwar kuɗi, raba 20. Madalla.

Darasi na Biyu: Hanya biyu ta cirewa

Yawanci ana yanka bon gunduwa-gunduwa, misali 100. Fam 10,000 ɗinka ke nan ya zama gunduwa 100, kowace fam 100. A ce yanzu kowace ta kai fam 110, kana cikin shekara ta uku, kuma kana bukatar fam 4,400.

Idan ka ce a tsakuro daga dukkan gunduwoyin, za a ɗebe rabonka na fam 1,500 (daga ina muka samo shi? daga uwar kuɗi), sauran fam 2,900 kuma hukumar haraji ta HMRC za ta lissafa shi a matsayin riba, ko da jarin bai haifi haka ba. Idan kuwa ka ce a rufe gunduwa 40 ɗungurungum, kuɗin da zai shigo hannunka ɗaya ne, amma ribar fam 400 ce kawai.

Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Kada ka sa hannu a fom don kawai an nuna maka wurin. Akwati ɗaya da ka yi wa alama cikin gaggawa shi ke raba 400 da 2,900. Tun 2017 ana iya roƙon HMRC ta sake lissafi idan abin ya wuce hankali, amma wahala ce da kiran waya ɗaya zai raba ka da ita. Ka kira kamfanin, ka ce su lissafa maka hanyoyin biyu a rubuce.

Darasi na Uku: Wa ke biya

Bon na cikin Birtaniya ana ɗaukar an riga an biya masa haraji na kashi 20. Wanda harajin kuɗin shigarsa kashi 40 ne zai cika saura. Bon na waje ba shi da wannan rangwame.

Darasi na Huɗu

Idan takardar shaidar riba ta zo daga kamfani, ka adana ta. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilu na gaba.