Yadda na gyara farfelar injin jirginmu

Tun da jirginmu ya bugi kututture a tafkin Madarunfa, inji ke kakkarwa, ga ƙugi amma ba gudu. Na sake buji, na wanke karbureta, shiru.

Sai na cire wayar buji, na zare fil, na kwance noti, na fiddo farfelar. Ashe zaren koma ya nannaɗe sandarta, kunnen farfelar guda kuma ya lanƙwashe. Na ɗora kunnen bisa katako ina bugawa a hankali da gudumar icce, ban sa wuta ba, alminiyam ba ya son gaggawa. Na goge bakin da zarto. Na zura farfelar a ƙarfe miƙaƙƙe don in ga ko nauyin kunnuwanta ya daidaita. Kunnen da ya rinjaya ƙasa na rage masa kaɗan ta baya. Girisi, noti, sabon fil.

Kakkarwa ta tafi, alhamdu lillahi. Baba makaniki, na gode da aron zarto.